Ƙungiyoyin hokin ƙanƙara huɗu da nake ganin za su ba magoya bayansu kunya a bana

Ranar Talata 7 ga Oktoba, 2025 za a buɗe sabuwar kakar NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada. Ga hasashena tun kafin a fara, don kada wani ya ce sai da na ga inda iska ta kaɗa sannan na yi magana. Zancen wanda zai ɗauki kofi kowa na yin sa, na bar wa masu yi. Ni ƙungiyoyin da ake ta zuzutawa zan lissafa, waɗanda nake ganin ba za su kai inda aka sa musu rai ba. Huɗu ne, kuma ta farko ita ce ta garin da nake zaune, wato Winnipeg. Na san abin da zai biyo baya idan abokan aikina suka danna fassara suka karanta. Na shirya musu.

Rubutun da ɗan tsawo. Mai sauri ya ajiye, in ya natsu ya dawo.

GA 'YAN'UWA NA GIDA, A TAƘAICE

Na san yawancinku Firimiya da La Liga kuka sani, to bari in ɗan share fage. Mutum shida-shida ake bugawa, har da mai tsaron raga, a kan ƙanƙara, da takalma masu ƙarfe a ƙasa. Abin da ake bugawa ɗan faifan roba ne baƙi mai tauri, ana kora shi da sanda. Zan riƙa cewa "ƙwallo" saboda bakinmu ya saba. Wasa kashi uku ne, kowanne minti 20. Gudun ya kai a ce ɗan wasan gaba ba ya cika minti ɗaya a fili sai ya fita wani ya shigo, wasa na tafiya.

Ƙungiyoyi 32 ne, bakwai a Kanada, 25 a Amurka. A kakar 2025-26 kowacce za ta buga wasa 82 daga Oktoba zuwa Afrilu. Nasara maki biyu ce. In an tashi kunnen doki aka shiga ƙarin lokaci, wanda aka cinye yana tsira da maki ɗaya. Daga nan 16 su wuce zagayen fitar da gwani, inda ake karawa har sai ɗaya ta ci wasa huɗu cikin bakwai, zagaye huɗu, sannan a ɗaga Kofin Stanley. Ba a faɗawa ƙaramin rukuni kamar a Ingila. Akwai kuma iyakar albashi: a kakar 2025-26 ba ƙungiyar da za ta wuce dala miliyan 95.5 wajen biyan 'yan wasanta, a 2024-25 miliyan 88 ne. Wannan dokar ita ta sa ba a daɗewa a sama. Da zarar yaranka sun yi suna, kuɗinsu ya tashi, dole ka saki wasu.

Sai abu na biyu, don kada mu yi musu a banza. In na ce ƙungiya za ta gaza, da ma'aunin abin da ake tsammani daga gare ta nake magana. San Jose da Chicago ba sa cikin lissafina, don ba wanda ya sa musu rai. Ku tuna Chelsea: ta ɗauki Firimiya a 2015, ta ƙare ta goma a 2016. Leicester ta ɗauka a 2016, ta ƙare ta 12 a 2017. Irin wannan faɗuwar nake nema.

ABIN DA NAKE DUBAWA

Alamomi huɗu nake bi.

Na farko, sa'a. A wannan wasan, cikin bugu goma da aka yi zuwa raga, kusan ɗaya ne ke shiga, mai tsaron raga ya tare tara. Masu lissafi suna haɗa kason bugun da ƙungiya ta ci da kason wanda golanta ya tare, su kira shi PDO. In ya haura ɗari sosai, to akwai hannun sa'a a ciki, kuma komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Vancouver ta gwada mana: maki 109 a kakar 2023-24, kusan duk abin da suka buga yana shiga. Kakar da ta biyo baya maki 90, ko zagayen fitar da gwani ba su leƙa ba.

Na biyu, jingina da gola ɗaya. Gola mai zafi yana rufe asirin ƙungiya kamar yadda babbar riga ke rufe yagaggiyar 'yar ciki. New York Rangers sun fi kowa maki a 2023-24, maki 114. Shekara na zagayowa suka tashi da 85, suna gida ana buga na fitar da gwani. Mutanen kusan su ne dai, amma ɓarakar da Igor Shesterkin yake rufewa ta fi ƙarfin hannunsa.

Na uku, shekaru da gajiya. Bana kuma gajiyar ta musamman ce, domin 'yan NHL za su koma gasar Olamfik ta hunturu a Milan, Italiya, cikin Fabrairun 2026, karo na farko tun 2014. Za a tsayar da gasa na kusan mako uku, amma wasa 82 ɗin nan ba a rage ko ɗaya ba, matse su aka yi. Ƙungiya mai tsofaffi, da wadda taurarinta za su tafi Milan, ita za ta ji a jikinta a watan Maris.

Na huɗu, suna. A Yulin 2024 Nashville ta ɗebo Steven Stamkos da Jonathan Marchessault da Brady Skjei a rana ɗaya, kowa ya ce an gama. Suka ƙare da maki 68, ƙungiyoyi biyu kaɗai suka fi. Suna ba ya gudu a kan ƙanƙara, ƙafa ke gudu.

To ga su.

1. WINNIPEG JETS

Wannan ita ce mai ciwon, don haka da ita zan fara.

Bara Jets sun yi abin da garin nan bai taɓa gani ba. Sun ci wasa 15 cikin 16 na farko, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin gasar. Sun ƙare da nasara 56 da maki 116, suka karɓi kofin da ake ba ƙungiyar da ta fi kowa maki. Golansu Connor Hellebuyck ya ci wasa 47, ya karɓi kyautar Vezina ta gwarzon gola karo na uku, ya haɗa da Hart ta gwarzon ɗan wasa baki ɗaya, wadda ba kasafai gola ke samu ba. Duk wanda yake garin nan daren 4 ga Mayu ba zai manta ba: wasa na bakwai da St. Louis, ana cin mu 3-1 saura ƙasa da minti biyu, aka rage ɗaya, Cole Perfetti ya farke saura ƙasa da daƙiƙa uku, kyaftin Adam Lowry ya ƙarasa a ƙarin lokaci na biyu. Mutane cike da titi sanye da fararen kaya, wanda bai san ka ba ya rungume ka. Ni kaina muryata sai da ta kwana biyu ba ta dawo ba.

Ba na raina wannan ko kaɗan. Amma mu yi lissafi da sanyin kai.

Hellebuyck ya tare kashi 92.5 cikin ɗari na abin da aka buga masa, alhali matsakaicin gasar kusan kashi 90 ne. A ce an buga masa 1,600 a bana, ya sauko zuwa kashi 91, wanda har yanzu aiki ne mai kyau. Bambancin ƙwallo 24 ne. Masu lissafi kan ce ƙwallo shida daidai take da nasara ɗaya, ka ga maki takwas sun tafi ke nan ba tare da kowa ya yi laifi ba. Wannan fa in lafiyarsa ƙalau. Shekarunsa 32, ya buga wasa sama da 60 bara, kuma ana sa ran shi zai tsare wa Amurka raga a Milan. In ya yi jinyar wata ɗaya, wa zai riƙe gidan?

Sannan Nikolaj Ehlers ya tafi Carolina, kwantiragin shekara shida. Shi ne mai gudun ƙungiyar, shi ke ɗauko faifai daga baya ya kutsa da shi. Maki 63 ya haɗa bara tsakanin ci da bayarwa, yana kuma cikin dalilan da suka sa Jets suka fi kowa cin moriyar lokacin da aka kori ɗan wasan abokan hamayya. Wa aka kawo? Jonathan Toews, ɗan asalin garin nan, wanda ya ɗaga kofi uku da Chicago a 2010 da 2013 da 2015. Ina girmama shi, labarin dawowarsa gida kuma mai daɗi ne. Amma shekarunsa 37, kuma rabonsa da wasa tun Afrilun 2023 saboda rashin lafiya. An ƙara da Gustav Nyquist, shi ma 36. Lowry kuma an yi masa tiyata a ƙugu, ba da shi za a fara ba. Ƙungiyar da take da saurin matsakaici ta saki mai gudunta ta ɗauko dattawa, a shekarar da aka matse wasanni.

Ku dubi rukunin da suke ciki kuma: Dallas, Colorado, Minnesota, St. Louis, ga Utah da yara masu tasowa. Ba maki na banza a nan. Alamar ma ta fito tun a watan Mayu: wasa shida Jets suka buga a waje a zagayen fitar da gwani, shida aka cinye su, kuma sau uku ana cire Hellebuyck daga raga a St. Louis. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, haka ma wadda ba za ta yi ba.

Hasashena: ba za su kai maki 100 ba, kuma har makon ƙarshe za su kai suna neman gurbi.

2. WASHINGTON CAPITALS

Bara shekarar Alexander Ovechkin ce. Ranar 6 ga Afrilu, 2025 ya ci ƙwallonsa ta 895, ya karya tarihin Wayne Gretzky da aka daɗe ana cewa ba mai taɓa shi. Ya yi haka ne bayan ya karye a ƙafa ya rasa wasa 16, duk da haka ya ci 44. Ƙungiyar gaba ɗaya ta hau wannan guguwar ta tashi da maki 111, ta ɗaya a Gabas, kocinsu Spencer Carbery ya zama gwarzon koci.

Tambayata ita ce: mutum nawa ne suka yi kakar da ta fi kowacce a rayuwarsu a lokaci guda? Aliaksei Protas ya ci 30, alhali a shekarar da ta gabata shida ya ci. Fiye da ɗaya cikin biyar na bugunsa ya shiga raga, ninki biyu na abin da aka saba. Tom Wilson ya ci 33, bai taɓa kaiwa nan ba. Dylan Strome ya haɗa maki 82, shi ma bai taɓa ba. Kowannensu ɗan wasa ne na ƙwarai, amma a ce dukkansu su maimaita a tare, wannan kamar a ce kowace gona a ƙauye ta yi albarkar da ba ta taɓa yi ba shekara biyu a jere.

Kada mu manta daga inda suka fito. A 2023-24 da ƙyar suka tsallake da maki 91, kuma ƙwallon da aka ci su ta fi wadda suka ci da 37. Daga nan zuwa maki 111 tsalle ne babba. Gaskiyarsu tana tsakanin biyun. Carolina ta nuna haka a zagaye na biyu: ta hana su faifai, ta shaƙe su, wasa biyar aka gama.

Ovechkin ya cika 40 a watan Satumba, kuma wannan ce shekarar ƙarshe a kwantiraginsa. John Carlson, ginshiƙin bayansu, yana 35. Abin da ya haɗa kansu bara, wato a kai dattijo ga tarihi, an riga an kai. Bayan biki sai wanke-wanke.

Hasashena: za su zubar da maki 12 zuwa 15 daga na bara. Suna iya shiga zagayen fitar da gwani, amma ta ƙaramar ƙofa.

3. TORONTO MAPLE LEAFS

'Yan Arsenal, ku matso, ga 'yan'uwanku a wahala, sai dai tasu ta fi taku tsufa. Rabon Toronto da kofi tun 1967. Ita ce ƙungiyar da ta fi kowacce kuɗi da surutu a Kanada, kuma tun bayan 2004 sau biyu kacal ta tsallake zagayen farko, a 2023 da 2025.

Bara sun ɗauki rukuninsu da maki 108. A zagaye na biyu suka ci Florida wasa biyun farko, gari ya ɗauka. Daga nan aka cinye su 6-1 a wasa na biyar, a gidansu, aka sake cinye su 6-1 a wasa na bakwai, a gidan nasu dai, magoya baya suna jefa riguna cikin fili. Shugaban ƙungiya Brendan Shanahan ya tafi. Mitch Marner, ɗan yankin, wanda aka fi ɗora wa laifi, ya koma Vegas a kan dala miliyan 96 na shekara takwas.

Da yawa a Toronto murna suka yi, wai an rabu da ƙaya. To amma Marner maki 102 ya haɗa bara, 75 daga ciki bayarwa ce. Shi ake sawa in ana neman ci, shi ake sawa in an kori nasu ana karewa. A madadinsa an kawo Nicolas Roy da Matias Maccelli da Dakota Joshua. 'Yan aiki ne, ban musa ba, amma ko an haɗa su ukun ba su cike gurbinsa. Suka ce sun zama ƙungiya mai tauri irin wadda koci Craig Berube yake so. Tauri yana da amfani a watan Mayu, sai dai kafin ka kai Mayu sai ka ci ƙwallo wata shida.

Auston Matthews ya ci 69 a 2023-24, bara ya sauko 33 yana fama da rauni, kuma yanzu ba mai ɗora masa faifai a kan sanda kamar da. John Tavares ya ci 38 bara, amma ya cika 35. 'Yan bayansu, Chris Tanev da Oliver Ekman-Larsson da Morgan Rielly da Jake McCabe, duk sun haura 30. Abin da ya rufa musu asiri bara shi ne gola Anthony Stolarz, wanda ya fi kowa kason tarewa a gasar. Sai dai wasa 34 ya buga, kuma a duk rayuwarsa bai taɓa buga fiye da haka a kaka ɗaya ba. Ka ga alama ta biyu da ta uku sun haɗu a gida ɗaya.

Ga kuma Ottawa da Montreal da suka shiga zagayen fitar da gwani bara da yara ƙanana, suna tafe suna hura musu wuta a baya.

Hasashena: ba za su sake ɗaukar rukuni ba, ba za su kai maki 100 ba, kuma kafin Kirsimeti za a fara kiran a kori wani.

4. FLORIDA PANTHERS

A nan ne za a ce na haukace. Su ne suka ɗauki kofi, sau biyu a jere, 2024 da 2025, duk a kan Edmonton. Kocinsu Paul Maurice, wanda ya ajiye aikin Jets da kansa a Disambar 2021, ya gina ƙungiyar da ba wanda ke son haɗuwa da ita. Sun kuma yi abin mamaki a bazara: Sam Bennett da Aaron Ekblad da Brad Marchand, da kowa ya zaci ɗaya ko biyu za su tafi, duk suka zauna.

Amma ku ƙirga tafiyar. Wasan ƙarshe uku a jere suka kai, 2023 da 2024 da 2025. A zagayen fitar da gwani kaɗai sun buga 21 da 24 da 23, jimla 68. In ka haɗa da na kaka, wasa 314 ke nan cikin shekara uku. Kusan kaka guda suka ƙara a kan ƙungiyar da ke tafiya hutu a Afrilu, kuma wasannin da aka fi bugun jiki a cikinsu. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, gudun kuma jiki ne ke biya.

Ya ma fara biya. Matthew Tkachuk an yi masa tiyata, ba a sa ran ganinsa sai wajen ƙarshen shekara. Sai ga babbar: kyaftin Aleksander Barkov ya ji rauni a gwiwa wajen atisaye a ƙarshen Satumba, jijiyoyi biyu suka tsinke, aka yi masa aiki, aka ce wata bakwai zuwa tara. Ƙirga daga Satumba ka ga inda ya kai ka. Barkov sau uku yana karɓar kyautar Selke ta ɗan gaban da ya fi iya tsaro. Shi ake ɗora wa tauraron abokan hamayya kowane dare. Irinsa ba a samu a kasuwa. Gola Sergei Bobrovsky ya cika 37, Marchand ma 37. Da yawa cikinsu kuma za su tafi Milan, ba hutu.

Ko bara da mutanensu, maki 98 suka yi, na uku a rukuni. Sun saba lallaɓawa a kaka su tashi a Afrilu. Bana ratar lallaɓawar ta ƙare. Kuma ba sabon abu ba ne mai kofi ya kasa dawowa: Carolina ta ɗauka a 2006 ta kasa shiga a 2007, Los Angeles ta ɗauka a 2014 ta kasa shiga a 2015. Rabon da a ɗauki uku a jere tun New York Islanders da suka yi huɗu daga 1980 zuwa 1983, lokacin ba iyakar albashi.

Hasashena: ba kofi na uku. In suka shiga zagayen fitar da gwani, ba na fatan kowa ya haɗu da su. Shigar ce nake shakka.

WAƊANDA SUKA TSALLAKE RIJIYA DA BAYA

Los Angeles Kings sun kusa zama ta biyar. Maki 105 bara, amma shekara huɗu a jere Edmonton na fitar da su a zagayen farko. Sun rasa Vladislav Gavrikov a baya, sabon manaja Ken Holland ya cike da manyan mutane, har da Corey Perry mai shekara 40. Anze Kopitar ya ce wannan ce kakarsa ta ƙarshe. Na bar su ne don rukuninsu ba shi da zafi kamar na Winnipeg.

Edmonton kuma, duk da matsalar gola da kowa ya sani, ban sa su ba. Wanda yake da Connor McDavid da Leon Draisaitl ba a yi masa hasashen talauci. Nauyin da ke kansu dai shi ne na ƙasa baki ɗaya: tun Montreal a 1993 ba ƙungiyar Kanada da ta ɗaga kofin nan.

ABIN DA YA SA TA WINNIPEG TA DAME NI

Wani zai ce, to malam, wasa ne fa, in sun faɗi bana su tashi baɗi. A Toronto haka ne. Ko shekara goma suka yi ana cinye su, kujera ba za ta zauna ba kowa ba. A Winnipeg lissafin daban ne.

Garin nan ya taɓa rasa ƙungiyarsa. A 1996 aka kwashe tsohuwar Jets aka kai Phoenix a jihar Arizona, saboda kuɗi. Shekara 15 mutane suka yi ba ƙungiya, sai a 2011 aka sayo ta Atlanta aka dawo da sunan. Dattawan da nake aiki da su, in suna ba da labarin 1996, muryarsu canzawa take yi. Filin wasan nan kujerunsa kaɗan ne suka haura 15,000, shi ne mafi ƙanƙanta cikin na Kanada, garin kuma ba shi da manyan kamfanoni masu sayen kujeru da yawa kamar Toronto. A farkon 2024 shugaban ƙungiyar Mark Chipman ya fito fili ya ce masu tikitin shekara sun ragu daga wajen 13,000 zuwa ƙasa da 10,000, kuma tafiya ba za ta ɗore a haka ba. Har kwamishinan gasar Gary Bettman sai da ya zo garin ya kwantar da hankali. A shekarar nan dai aka kwashe 'yan wasan ƙungiyar Arizona ɗin, jikar tsohuwar Jets, aka kai Utah. Kowa a nan ya gani, kuma in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin yi.

Kakar bara ta dawo da mutane fili. Abin da nake tsoro shi ne, mutanen da maki 116 suka kawo, maki 92 za su iya riƙe su? Tikiti da tsada, haya ta tashi, cefane ya tashi, ga sanyin Janairu da kan sauka ƙasa da 30 a ma'auni. Mai iyali zai yi lissafi kafin ya fito.

Mu baƙi ma abin ya shafe mu, ko da wasu ba su lura ba. 'Yan Najeriya suna da yawa a Manitoba yanzu, kuma a garin nan in kana son maƙwabcinka ya daina gaishe ka daga nesa, ka tambaye shi yadda wasan jiya ya kasance. Yaranmu da aka haifa a nan rigar Jets suke sawa zuwa makaranta, ita ce abin da suka haɗa da sauran yara ba tare da an tambaye su daga ina suke ba. Wasan ma ba baƙonmu ba ne gaba ɗaya: Jarome Iginla, gwarzon Calgary da ya ci ƙwallo sama da 600, mahaifinsa ɗan Najeriya ne, Akim Aliu kuma a Okene aka haife shi. Don haka in na ce Jets za su sauko, ba daɗin faɗa nake ji ba. Gara mutane su shiga kakar da idonsu buɗe. Wanda ya sa ran 116 ya samu 95 zai yi fushi ya ajiye tikiti. Wanda ya san 95 ɗin ce gaskiyar ƙungiyar, zai zauna a kujerarsa har Afrilu.

YADDA ZA KU KAMA NI

Ga abin da na faɗa a dunƙule, ku ɗauki hotonsa ku ajiye: Winnipeg ƙasa da maki 100. Washington ta zubar da 12 zuwa 15. Toronto ba rukuni, ba maki 100. Florida ba kofi na uku.

Ba sai kun jira Afrilu ba. A gasar nan an saba duba teburi a ƙarshen Nuwamba, lokacin bikin Godiya na Amurka, domin yawancin waɗanda ke cikin 16 a ranar su ke ƙarasawa. Abu uku za ku sa wa ido kafin nan: yawan wasan da Hellebuyck yake bugawa ba hutu, ko Matthews yana ci ba Marner, da wanda Maurice zai ɗora a gurbin Barkov.

'Yan gida masu son gwadawa, wasan da aka fara ƙarfe bakwai na yamma a Toronto, sha biyun dare ne a Kano da Yamai, daga Nuwamba kuma ƙarfe ɗaya. Ba na ce ku hana kanku barci ba, taƙaitaccen bidiyon minti goma da safe a YouTube ya isa. Florida da Chicago ne za su buɗe ranar Talata, a ranar ne kuma za a ɗaga tutar kofin bara, Barkov yana kallo daga gefe.

'Yan Toronto da ke cikin abokaina, na san ku uku ne, fili naku ne a ƙasa. Ku kawo hujja da lamba, ban da zagi. Wanda kuma yake ganin na bar wata ƙungiya da ta fi waɗannan cancantar shiga jerin, ya faɗe ta yanzu, kafin Talata.